Inna, Na Kai Ƙanwarki Awon Ido

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Allah a makwancinki. Mu nan Malbaza lafiya lau, gero ya shiga rumbu, yara sun koma karatu a lakwal. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma na saba kawo miki labari, kuma akwai masu leƙa shafina da nake so su ji. Maganar ƙanwarki ce, Inna Hajo ta Badagishiri, da idonta.

Kin tuna yadda kike awon idonki? Duk sanda muka ce a kai ki a duba, sai ki zaro allura daga bakin kallabi, ki lashi zare, ki ɗaga wajen haske, ki zura tashi ɗaya. Sannan ki miƙo mana ki ce, "To, mi ya rage? Makauniya na yin wannan?" Haka matan gidanku suke awo tun daga kaka. Mu kuwa sai mu ƙyale ki, don ni kaina sai na yi ta fama kafin zare ya shiga.

Amma kina tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da kika tsufa a cikinsa. Akuya ta shigo ta gefenki ta cinye dawar da kika shanya, kina zaune. Kika ce tsufa ne. Babu ciwo, babu ja, babu ƙaiƙayi. Ranar kasuwa kika tsaya gaban mai tallar tabarau, kika gwada wannan kika gwada wancan kamar mai zaɓen tumatir, kika dawo gida kika ƙara kwalli.

Da muka samu kika yarda aka je gidan likita a Ƙonni, lokotoro ya haska, ya auna. Daga baya ya ce hawan jinin ido ne. Yana cin gani a hankali daga gefe, tsakiya ce take tafiya a ƙarshe, shi ya sa allura ba ta taɓa ba ki kunya ba. Ya ce abin da ya tafi ya tafi ke nan, da an zo da wuri da maganin ɗigawa ya tsare sauran. Shekarunki na ƙarshe sai an riƙe miki hannu zuwa bayan gida, ke da ba ki son ko buta a ɗauko miki. Wannan abin har yau yana ci mini rai.

Ya ƙara da cewa ciwon yana bin dangi, duk wanda ya manyanta a gidanku ya riƙa zuwa awo kowace shekara, ko da yana jin idonsa garau. Na isar da saƙon. Kowa ya ce to, babu wanda ya je.

Watan jiya na je Badagishiri. Muna dawowa daga garkar albasa ni da Inna Hajo, amalanken jaki ya taho ta hagunta, mai shi yana ta ihu, sai da itacen ya goge mata kafaɗa ta zabura. Muna shiga gida na ce gobe sai Ƙonni. Inna, wallahi hannu ta kai bakin kallabi ta zaro allura. 

Kin san halina, ba na iya ɓoye fushi. Na karɓe allurar na soke ta a nawa kallabin. 'Ya'yanta maza suka ce haba Rakiya, a bar tsohuwa ta huta, ga albasa na son ruwa. Na ce albasa ta jira. Na shimfiɗa tabarma a ɗakinta na ce ba inda za ni, ko da daraktan wurin aikina zai aiko nemana. Ta kira ni marar kunya, ta kira ni mai bakin uwarta, amma ta shiga mota.

Awon bai kai dahuwar shayi ba. An ɗiga mata magani an auna, an haska cikin idon. Sannan lokotoro ya rufe mata ido ɗaya, ya ce ta kalli hancinsa, ya riƙa kawo yatsunsa daga gefe. Ta hagu sai da suka zo gabanta ta gan su. Idon dama kuwa da sauransa sosai. An ba ta maganin ɗigawa safe da maraice har iya rayuwa, da ranar komawa. Ni ma na zauna aka duba nawa, an ce lafiya, in dawo baɗi.

Ku masu karantawa, in kuna da tsoho a gida, kada ku jira sai ya ce idonsa na ciwo. Wannan ba ya ciwo.

A hanyar komawa, bayan mun wuce Tsarnawa, Inna Hajo ta buɗe baki. Ta ce ranar sunan ɗiyar yayana Sani ta zo ta durƙusa a gefenki ta gaishe ki, hayaniyar mata ta rufe muryarta, ta daɗe a durƙushe, ba ki juyo ba. Ga idonki biyu a buɗe. Ta tashi ta koma gida, tun daga ranar ta rage zuwa sai da salla, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Ashe Yaya ba ta gan ni ba."

Ta ce in roƙa mata gafararki. To, Inna, ga shi na isar.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya bar wa ƙanwarki ganin da ya rage mata har ƙarshen kwananta. Amin.

Taki har kullum,
Rakiya