Motar Zhuhai Ba Ta Jira Ni Ba

Guangzhou, Agusta 2008

Yaya Tukur,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya Sabuwa da yara? Ni lafiya lau nake.

Saboda wasannin Olamfik an matsa mana kan biza, sai na nufi Zhuhai a bakin teku, in tsallaka Macau a sabunta min. A tashar Guangzhou na leƙa bas ɗin Zhuhai na ga kujeru fayau, na ce bari in yi azahar kafin ta cika. Ina sallamewa sai bayanta na hango. Ashe a nan lokacin da ke jikin tikiti ake bi, ko fasinja biyu ne. Na hau ta gaba, na isa na tarar an tashi daga ofishin biza. Maganar ba ta warware ba tukuna, amma kada Inna ta ji.

A aiko min da kuka da yaji ta hannun Alhaji Illa.

Na tuna mitar da nake maka a tashar Unguwa Uku, kana ƙin tayar da mota, kana cewa, "Mai kujerar nan ya je alwala." Yaya, don Allah ka riƙa jiransu.

Ƙaninka,
Sammani