Tarin Yaya Hajo

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Mun dawo daga asibiti a Kano da Yaya Hajo. Ba tarin tibin da ta yi a baya ba ne ya dawo. Likita ta ce funfuna ce ta zauna a ramukan da ya bar mata a huhu. Wata huɗu tana shan ƙwaya, funfunar ko gezau.

Talata, 8 ga Oktoba
Abin da na kasa rubutawa jiya. Likitar ta tambayi sana'ar Yaya, na ce ɓarar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce wani maganin feshin gona danginsu ɗaya da ƙwayar nan. Funfunar da ta saba da shi a ƙasa, in mutum ya shaƙe ta, ƙwayar ba ta cin ta. "Ban ce daga gonarku ba ne, iska ke yawo da ita."
Ta ce ni fa? Na ce kasuwanci. Ban ce shekara tara ina sayar da maganin feshi a Rogo ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Takardar kwalba ta ce murfi ɗaya a tankin feshi. Ni na koya wa mutane su riƙa zuba murfi biyu. Ko ganye lafiyarsa lau, sai in ce a fesa. Gonarmu ta gado ni na fi jiƙa ta.

Asabar, 19 ga Oktoba
Yaya ta yi tari da jini. An koma allura.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Na je gidan Yaya a Unguwar Hajji da niyyar faɗa mata. Ta rame, awarwaro har gwiwar hannu. Kafin in buɗe baki ta ce wa 'yarta Saude, "Ba don kawunki ba, da tuni an manta da ni." Na sha ruwa na taso.

Laraba, 16 ga Yuli, 2025
Yaya tana iya zuwa bakin zaure yanzu. Har yau ban faɗa ba.
Ɗanmaliki, maƙwabcinmu a gona, ya zo sayen magani, wai gyaɗarsa ta yi rawaya. Na ce mu je in gani. Ruwa ne ya kwanta mata, ba ciwo ba. Na ce ya buɗe kwari, ya bar feshi. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Shitu, lafiya?"
Na ce maganin ya ƙare. Katan uku ne a shago.