Gawon Da Na Aske

Zuwa ga Hamdiyya, 'yar Baffa Hamman.

Sallama gare ki, ya ke ruwan farko na damina, ya ke man shanu a saman nonon safe, ya ke inuwar tsamiya ga wanda ya taso daga gona da tsakar rana! Ya ke mai hararar da ke sa saurayi ya manta hanyar gidansu! Na gaishe ki gaisuwar mai laifi, amma mai laifin da bai gama yarda cewa duka laifin nasa ba ne. Inna Asabe ce za ta miƙo miki wannan takarda in ta zo sayen nono. Kada ki karanta a gabanta, don ta iya karanta fuska fiye da yadda na iya karanta boko.

Kwana tara ke nan ba ki kalle ni ba. Ranar kasuwar Yako na tsaya a gaban ƙwaryarki har ƙafata ta yi sanyi, kika sayar wa na damana, kika sayar wa na haguna, ni kuwa kika tsallake ni kamar kututture. Haba, hasken idona! Ko kututture ai akan zauna a kansa a huta!

Na san abin da na yi, ba sai an kira mini taro na biyu ba. Ni ne na cika garin nan da surutu sai da ƙungiyarmu ta matasa ta dasa mangwaro da zogale tun daga makarantar firamare har bakin rafi. Ni ne, da aka gama girbi aka saki dabbobi, na kira gayya don a kewaye dashen da ƙaya. Da ƙayar ta ƙare ana saura bishiya goma sha biyu, wa ya ɗaga kai ya hango tsohon gawon da ke gonarmu, ya yi kore shar a lokacin da komai ya bushe? Ni ne. Na hau da gatari na yi masa aski irin na ranar suna, ban bar masa ko reshe ɗaya ba. Ina saukowa ina jin kaina gwarzo, wai na ceci bishiyoyi!

Wa zai tuna mini a lokacin cewa wannan gawon ne dalilin da ya sa Baffa yake sauke shanunsa a gonarmu kowane rani tun zamanin kakana? Su ci kara, su ci ganye da 'ya'yan gawo, su bar mana taki, mu kai wa rugarku dawa. Baffa yakan sare reshe ɗaya yau, ya bar na gefensa sai baɗi, kamar mai gyara wa ango gemu. Ni mai karatun takardu, a yini ɗaya na cinye musu abincin wata uku.

Sai ranar taron ƙofar dagaci, inda manoma da makiyaya ke shirya wa zai sauka a gonar wa. Baffa ya miƙe a hankali, ya jingina da sandarsa, ya ce shi dai tambaya ce da shi: yaron nan mai son bishiya, ƙananan kawai yake so, ko har da manyan? Aka kwashe da dariya. Da na yi shiru, da yanzu ina shan furarki. Amma kin san bakina, ba ya jiran izinina. Na ce masa ni a littafi na karanta ilimin bishiya, ba a gindin saniya ba. Wayyo, Hamdiyya! Kalmar tana fita na so in bi ta da gudu in kamo ta. Baffa ya gyara malafarsa, ya ce bana a gonar Sagir zai sauka, can wajen Bebeji, ranar Alhamis.

Sagir! Sagir mai gawayi! Mutumin da in ya ga bishiya buhu yake gani! Wanda yake zuwa rugarku da babur yana danna ham kamar ya zo ɗaukar gawa! Ni na aske gawo ɗaya aka yi mini taro, shi da ya ƙone rabin daji an ba shi shanu, an ba shi taki, kuma za a kai masa ke har bakin gonarsa ki riƙa wucewa da ƙwarya kullum safe? Ina adalcin yake? To, na ji, yana da rijiyar burtsatse. Ni ma ina da rijiya, tawa ce dai take son doguwar igiya da haƙuri.

Kin tuna bara, ya sanyin zuciyata, da safiyar da kika same ni ina sassabe? Na ɗaga fartanya zan sare wani ɗan tsiro mai ƙaya, kika daka mini tsawa kamar na taka miki ƙafa. Kika tsuguna, kika ture busasshen kashin shanu da ɗan yatsa, kika nuna mini inda ya fito. Kika ce ƙwayar gawo tauri gare ta, ba ta son tsirowa sai saniya ta haɗiye ta, ta ratsa cikinta, ta faɗo da takinta. Na ce ƙarya ne, ban gani a littafi ba. Kika ce to in je in tambayi littafin ko ya taɓa kiwo. Ranar na koma gida ina fushi, ina murmushi, ina tuntuɓe. Daga baya na gani a wata takardar malaman gona, daidai yadda kika faɗa. Ban gaya miki ba don kada kanki ya kumbura. Yau na faɗa, ki rubuta ki ajiye.

Ke ce gawona, Hamdiyya. Lokacin da kowa ya yi kore ba a lura da ke, sai duniya ta bushe a ga ke kaɗai ce da ganye. Ƙaya gare ki, na sani, jikina shaida ne. Amma ina tsuntsu zai je in an ɗauke masa bishiyarsa? Wa zai riƙa ƙaryata ni? Wa zai riƙa zuba mini nono yana cewa na cika surutu? In kuka tashi ranar Alhamis gonata za ta rame, ni kuwa sai na riga ta.

Ga abin da na shirya. Harawar waken da na ɗora a kan rumfa, duka ta shanun Baffa ce. Na ƙara wa guga igiya, ni zan riƙa ja musu ruwa safe da yamma har ruwan sama ya sauka. Ranar Laraba da hantsi zan zo da Kawu Ladan, in cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna. Kawu ne zai yi magana. Ni ƙaton goro zan cusa a baki, kuma na yi rantsuwa ba zan tauna ba sai an sallame mu. In kin leƙo kika ga kumatuna a kumbure, kada ki yi dariya, don in kika yi, goron zai faɗo, magana ta biyo baya, mu koma gidan jiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin Larabar, ki san dabarar da za ki yi Baffa ya bi ta gonarmu. Tun ranar da kika tsawata mini ban ƙara sare ɗan gawo ba. Jiya na zaga na ƙirga, goma sha bakwai ne, wasu sun kai gwiwata, kowanne na ɗaura masa jan ƙyalle. Duka daga cikin shanunsa suka fito. Ki bar shi ya gani da idonsa, sannan ki ba shi amsar tambayar da ya yi a ƙofar dagaci: yaron yana son manyan, hankali ne bai zo masa da wuri ba. In kuma ya ce kaina tauri gare shi kamar ƙwayar gawo, ki ce masa gaskiya ne, kuma shi ya fi kowa sanin maganin irin wannan ƙwayar. Ya haɗiye ni, ya tauna ni yadda ya ga dama, in dai a gonar nan zai ajiye ni, kusa da ke.

Naki, daga yau har waɗannan goma sha bakwai su yi inuwar da jikokinmu za su yi faɗa a ƙarƙashinta,

Zailani, wanzamin gawo.