Kunnen Takwararki Ya Girma

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Surukarki da yara suna gaishe ki.

Inna, zancen takwararki ne ya sa na ɗauki biro. Na'urar jin da aka sa mata tun tana ƙarama ta soma wani irin fito, tsiii, kamar buta a kan wuta. Da an sa mata sai ta cire ta cusa a aljihu. Kira uku ba ta waiwayowa. Malamarsu ta ce in aka ci gaba a haka, sai dai a mayar da ita ajin baya. Ni kam na ɗauka ɗan jin da ya rage mata ne yake tafiya. Surukarki ta ce ba za ta yi kuka ba sai ta ji daga bakin likita. Gobe za mu je. A sa mu a addu'a.

Ɗanki, Tela

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, albishirinki!

Likitar kunne mace ce mai sanyin hali. Ba ta fara da mu ba, durƙusawa ta yi a gaban yarinyar har idonsu ya daidaita, ta tambaye ta abin da ke damunta. Takwararki ta nuna kunne ta ce abin yana rawa a ciki. Likita ta haska, ta yi gwaji, sai ta yi murmushi ta ce jinta bai ragu ba, kunnen ne ya girma.

Ta yi mana bayani cewa ramin kunnen yaro yana faɗaɗa yana ƙara zurfi. Robar na'urar da aka ƙera mata daidai ramin kunnen ta yi sako-sako, sauti na sulalewa ta gefe, shi ne fiton. Kuma ƙarar da ta cika ƙaramin rami ba ta isar babba, dole a sake saita na'urar. Inna, ni da kullum nake sake wa yara awon riga, ban taɓa kawowa kunne ma yana girma ta ciki ba!

Ta zuba mata wani abu mai laushi a kunnen don ɗaukar awo, tana riƙe da hannunta har ya daskare. Yarinyar nan ko motsi ba ta yi ba, ni ne ma na kawar da kai.

Jiya aka sa mata sabuwar robar. Muna fitowa harabar asibitin ta ja ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, ta ɗaga kai. Can ta jawo rigata ta ce, "Baba, ashe tsuntsaye sun dawo?"

Surukarki da ta daure duk tsawon nan, a nan ta zauna a bakin dakali ta yi kukanta.

A gaida mutan gida duka.

Ɗanki, Tela