Baffa Sule Ya Bar Koyarwa

Zuwa ga Yaya Habu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa? Mu nan Gwammaja kowa lafiya, sai godiya.

Bayan haka, Baffa Sule ya bar koyarwa. An tura malaman elementare kwas don su ƙaro ilimi, ya tafi da murna, har sabuwar riga ya ɗinka. Ashe idanunsa sun daɗe da yin rauni, bai gaya wa kowa ba. A can aka zaunar da shi a bencin baya, ba ya ganin allo, ya faɗi jarrabawa. Ba wanda ya tambaye shi dalili, sallamarsa kawai aka yi.

Jiya na same shi a zaure, ɗalibansa suna wucewa suna gaishe shi. Ya ce mini, "Isa, da murya nake gane su yanzu. Da an matso da ni gaba, da na ci." 

Don Allah in ana samun tabarau a wajenku, a aiko masa. Ku sa shi a addu'a. Inna tana gaishe ka. A gaida Yaya Rabi da yara.

Ƙaninka,
Isa