Makirufon da Aka Kashe wa Isiyaku a Kabo

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya shirya wasan mawaƙa na bayan Babbar Sallah a Kabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ya damina, ya hidimar jama'a? Allah ya ba da lada.

Sunana Ɗanlami. Ina da ɗan situdiyo a Gwarzo, ɗaki ɗaya da rumfa a gabansa. A ɗakin nake ɗaukar waƙa, a rumfar kuma nake tura wa mutane waƙoƙi a memori. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma ban taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa a bainar jama'a ba. Ɗan rubutun da na saba shi ne na abin da ya faru da ni a wuni, shi ma ni kaɗai nake karantawa. Na neme ka a waya ban samu ba, na bar saƙo wurin sakatarenka ban ji amsa ba. Mai yiwuwa saƙon ne bai iso ba. Shi ya sa na bi wannan hanya, kuma zan jera maganar yadda ta faru.

1. Yawancin masu zuwa rumfata ba sa zuwa da sunan waƙa. Mutum zai miƙo waya ya ce, me ya fito sabo? Abin da na zaɓa masa shi zai ji a gona da kan babur. Saboda haka ne kwamitinku ya aiko mini in ba da sunayen sababbin mawaƙan yankinmu da suka cancanci hawa dandamali. Na ba da Rabi'u na Lakwaya, wanda yake haɗa garaya da fiyano, da Ɗan'asabe na Getso mai waƙoƙin biki, da Isiyaku na Durun. Isiyaku na sa a gaba. Manomi ne, kakanninsa makiyaya, ya haura shekara talatin kafin ya taɓa tsayawa gaban makirufo. Waƙarsa ta noma ce, kuma kafin ruwa ya sauka na tura ta a wayoyi da yawa, don duk wanda ya tambaye ni sabo ita nake fara ba shi. Har yanzu ina ganin ta fi duk abin da na ɗauka bana.

2. Ranka ya daɗe ya san mawaƙanmu ba sa rufe waƙa sai sun ambaci mutanensu. Isiyaku ya ambaci Malam Buba, dattijon da gidansa yake jikin nasu a Durun. Shi ya riƙa ba Isiyaku aron shanun huɗa tun rasuwar mahaifinsa, shi ya tsaya masa a aurensa. Da yake Isiyaku bai saba da situdiyo ba, ya yi ambaton ne kamar yana gaban taro. Baitin yana cewa Malam Buba in yana nan ya ɗaga sandarsa a gani. Na ce masa a ɗakin nan daga ni sai fanka, wa zai ɗaga sanda? Ya ce tsohon zai ji a waya ya ɗaga a tsakar gida. An ce haka ya riƙa yi, jikokinsa suna dariya.

3. Ana saura kwanaki Sallah, Allah ya yi wa Malam Buba rasuwa. Isiyaku yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bayan an watse zaman makoki ya zo wurina ya ce ba zai yi wasan ba. Daga baya muka tsayar da shawara: zan cire muryarsa in bar kiɗa zalla, shi kuma ya rera da bakinsa, in ya zo wurin ambato ya mayar da shi addu'a. Ya je ya roƙi Malam Sale, babban ɗan marigayin, da ya zo da ƙannensa su ji ana yi wa mahaifinsu addu'a a gaban mutanen ƙananan hukumomi biyu. Malam Sale ba mai zuwa wurin kiɗa ba ne, ga shi ba a yi sadakar arba'in ba. Amma saboda Isiyaku sai ya yarda zai zo.

Memorin da na miƙa wa sakatarenka kiɗa zalla ne a ciki. Na gaya masa dalili, ya ce ba matsala. Yana amsa waya a lokacin, kuma ni mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Na sha tambayar kaina ko ya ji ni sosai. Ban sani ba.

4. Ranar wasa, bayan la'asar, aka sanar da mawaƙa a bayan dandamali cewa kowa mamin zai yi, wato a saki waƙarsa daga na'ura shi kuma ya riƙa motsa baki da makirufo a kashe. Na fahimci dalilinku. Dole a tashi kafin magariba, mawaƙa suna da yawa, kuma mawaƙin da aka buɗe wa makirufo ba ya sauka sai ya gama da dangin kowa. Ban ce dokar ba ta da hujja ba. Isiyaku ya je ya tuna wa sakatare maganarmu, aka ce masa ya hau kawai, za a duba.

Da aka kira shi, mai kula da na'ura ya buɗe memorin ya ga babu murya. Sai ya ɗauka kuskure aka yi, ya jona wayarsa ya saki waƙar da kowa ya sani. Ba na ganin laifinsa, umarni ya bi, kuma bai san Malam Buba ba. Ina tsaye kusa da janareto na ji muryar Isiyaku ta fito daga lasifika alhali bai buɗe baki ba. Ya daki makirufon da tafin hannu, ya ɗaga wa mai na'ura hannu, mutane suka zaci salon rawa ne. Na kutsa cikin taro ina neman isa wurin na'urar, ban isa ba baitin ya zo.

Makirufo ɗaya ne yake a kunne a filin, na mai gabatarwa. Da ya ji ambato sai ya yi abin da ya saba, ya ɗora a kai da murya mai daɗi:

"Ina Malam Buba? Baba, a ɗaga sanda mana, a fito a yi wa ɗa liƙi!"

Mutane suka riƙa waiwaye suna neman tsoho mai sanda. Wasu suka yi tafi. Malam Sale da ƙannensa suna tsaye a gefe, wajen masu sayar da rake. Sai suka tura baburansu har bakin titi kafin su tayar. Isiyaku ya ajiye makirufon a kan dandamali ya sauka, muryarsa tana ci gaba da waƙa a bayansa har ta ƙare.

5. Bayan kwana biyu aka karanta mini sanarwarku a waya. Ta yi godiya ga mahalarta, ta ce an samu 'yar tangarɗa daga situdiyo, ta kuma ce an cire Isiyaku daga wasan da za a yi bayan kaka saboda ya bar dandamali ba izini. Maganar situdiyo ba ita ta sa ni rubutu ba. Masu zuwa rumfata suna nan suna zuwa. Abin da ya dame ni shi ne sanarwar ba ta ce an kashe masa makirufo ba, kuma daga cikin taro ba a gane makirufo a kashe yake. Abin da mutanen Durun suka gani shi ne Isiyaku ya gayyato 'ya'yan mamaci da alkawarin addu'a, ya tsaya a gabansu yana kiran mahaifinsu ya ɗaga sanda, ana tafi. Wasu na cewa ya ga taro ne ya ruɗe, wasu na cewa dama liƙi yake nema da sunan tsohon.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen nan biyu. Masallaci ɗaya suke sallah. Tun daga wannan rana Malam Sale bai amsa gaisuwar Isiyaku ba, matan gidan sun daina shiga wurin matarsa, kuma da aka yi sadakar arba'in ba a aika masa ba. Yana zaune a zaurensa yana jin ana addu'a ta bayan katanga. Ya je ban haƙuri da dattawa, Malam Sale ya karɓe su da mutunci, ya ce shi abin da idonsa ya gani ya gani.

6. Makon jiya Malam Sale ya shigo Gwarzo sayen taki, ya biyo ta rumfata. Na zaci faɗa ya kawo. Sai ya miƙo waya ya ce in tura masa waƙar, wai mahaifiyarsu ce take son ji, kuma kada in cire baitin. Ina turawa na ba shi labarin duka, kamar yadda na rubuta a nan. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Da ya karɓi wayarsa ya ce:

"Malam Ɗanlami, ban ce ƙarya kake ba. Amma kai abokinsa ne, kai ka ɗauki waƙar. In da gaske kashe masa aka yi, wanda ya kashe ya faɗa."

Ni ma da ni ne a matsayinsa haka zan ce.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Na farko, ku fitar da wata sanarwa ta hanyar da kuka fitar da waccan, ku ce makirufon Isiyaku a kashe yake bisa dokar kwamiti, kuma kiɗa zalla ya kawo. Ba sai an kama sunan mai na'ura ko mai gabatarwa ba. Na biyu, ku mayar da shi cikin wasan bayan kaka, ku buɗe masa makirufo ko da na tsawon baiti ɗaya ne, ya yi addu'ar da ya yi alkawari. Na uku, in za ku ci gaba da mamin, ku riƙa faɗa wa mawaƙa tun da wuri, a saurari ambaton kowace waƙa kafin a sake ta. Tsakanin ranar da aka ɗauki waƙa da ranar da aka hau dandamali ana mutuwa, ana rabuwa, ana ɓatawa. Ni zan iya yi muku wannan sauraron in kuna so.

In duk waɗannan sun yi yawa, a bar su a yi ɗaya. Ka taka da kanka zuwa Durun, ko ka aika wanda Malam Sale zai yarda daga bakinka ya zo, a faɗa masa abin da ya faru. Daga Kabo ba nisa, kuma duk wanda ka tambaya gidan marigayi Malam Buba zai nuna maka. Isiyaku bai san na rubuta wannan ba. Ba na jin zai so, amma ban ga wata hanya ba.

Allah ya ji ƙan Malam Buba, ya kyautata makwancinsa. Kai kuma Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jagoranci, ya sa gyaran zumuncin nan ya zo ta hannunka. In na faɗi abin da ba haka yake ba, a gyara mini a fili kamar yadda na faɗa a fili.

Wassalam.

Ɗanlami mai situdiyo,
Gwarzo.