Ranar da Na Ga Kaina Toka-toka

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin Alhaji, ya yara, ya ruwan Ibadan? Mu nan Kucheri lafiya lau, har da ni, kuma da shaidar likita nake faɗi.

'Yata Hauwa'u ta zo da abokan aikinta daga Gusau ɗaukar fim ɗin noma a gonata. Darakta na ihu, mai kyamara na durƙuso, wani ya rataya mini makirfo bisa kai, ni kuwa na riƙe fartanya kamar yau na fara ganinta.

Da aka gama na ce a nuna mini. Yaya, na ga kaina toka-toka, leɓe fari, irin yadda Baba ya koma kafin rasuwarsa. Washegari na sulale wani asibiti a Tsafe aka auna jinina. Ƙalau nake.

Da na gaya wa Hauwa'u, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, ai ɗanye ka gani! Da gangan kyamarar ke ɗauka a koɗe. Sai an yanka an haɗa, sannan ni in gyara kala." Ta taɓa kwamfuta, sai ga jini ya dawo mini fuska. Na ce ta rage mini shekara goma. Ta ce wannan ba aikinta ba ne.

Ki gaida Alhaji da yara. Ki sa ni a addu'a, Allah ya bar mini lafiyar, ya rage mini karambani.

Ƙaninki,
Sani